Lamba 12 ko lamba 20: wace bindiga ta dace da gona da tsaron gida?

Manomin Fadama:
Assalamu alaikum. Ina noman masara da gyaɗa a bayan gari, kuma a daminar bana birai da gadu sun yi mini ɓarna mai yawa, ga shi gidana ne na ƙarshe kafin a shiga daji. Ina son neman izinin mallakar bindiga mai baki biyu, sai dai wasu sun ce in nemi lamba 12, wasu kuma lamba 20. Mene ne bambancinsu, kuma wane harsashi ya dace?

Tsohon Mafarauci:
Wa alaikumus salam, ɗana. Lambar tana nuna faɗin bakin bindiga, kuma idan lambar ta ƙaru bakin ƙanƙancewa yake yi: lamba 12 tana da faɗin kusan milimita 18.5, lamba 20 kuwa kusan 15.6. Ta 20 ta fi sauƙin ɗauka kuma ba ta dukan kafaɗa sosai, amma ni ta 12 zan ce ka nema, domin harsashinta ne aka fi samu a ƙasar nan, kuma bindigar da ba a samun harsashinta sanda ce kawai.

Maganar harsashi ta fi ta bindigar tsawo. Mai ƙananan 'ya'yan darma, kamar lamba 6 (wannan lambar girman 'ya'yan ce, ba ta bakin bindiga ba), na fakara da zabi da zomo ne. Idan ka harbi gadu da shi rauni kawai za ka yi masa, ya shiga daji yana wahala ko ya juyo kanka. Babbar dabba sai manyan 'ya'ya irin waɗanda ake kira AAA ko 00; shi 00 yawanci ƙwaya 9 ce a cikin kwanson lamba 12 mai tsawon milimita 70. Ka duba abin da aka rubuta a jikin bindigar, kada ka sa kwanso mai milimita 76 a wadda aka yi wa 70, kuma kada ka haɗa harsasan 12 da na 20 a aljihu ɗaya, saboda na 20 yana zamewa cikin bututun 12 ya maƙale, harbi na gaba ya fasa bindigar.

Ma'aikacin Shari'a:
Baba ya yi bayani, amma doka ce farko. A ƙarƙashin Dokar Makamai ta 1959, lasisin bindiga mai baki ɗaya ko biyu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma wadda ake ja ta ɗura harsashi da kanta ba ta cikin wannan rukunin. A 2023 rundunar ta sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisi, saboda haka ka je hedikwatar 'yan sandan jiharku ka tambayi inda aka tsaya kafin ka ba kowa ko kwabo.

Manomin Fadama:
Na gode. To, Baba, batun tsaron gida fa?

Tsohon Mafarauci:
A nan ne nake jin tsoro. Katangar ƙasa mai kauri tana iya tare 'ya'yan darma, amma zana da langa-langa da ƙofar katako ba sa tare 00, kuma a gidajenmu bayan kowace zana akwai ɗakin da wani yake barci. Wanda ya yi harbi cikin duhu saboda ya ji motsi, yana iya samun ɗansa ne ya fito fitsari. Ka fara da fitila mai ƙarfi da kare da ƙofa mai sakata. Bindigar kuma ka ajiye ta babu harsashi a cikinta, a wuri mai kwado, harsasan a wani akwatin dabam inda danshin damina ba zai taɓa su ba.