Yammacin Laraba na ƴan tarminal: riba ce ko asarar lokaci?

Mahaifin ɗalibi, Sabon Gari: Salamu alaikum iyaye da malamai. Na ga takardar da aka aiko daga lise, babbar sakandaren yaranmu a nan Damagaram, wai daga wannan wata kowace Laraba da yamma ƴan tarminal, wato ajin ƙarshe, za su koma lakwal awa biyu, amma ba don darasi ba: ƙwallo, langa, wasan kwaikwayo, share fili, sai zama da malamin aji kowa ya faɗi damuwarsa. Ni dai na ce ɓata lokaci ne. Yaron da Bak, jarabawar fita lise, ke jira ƙarshen shekara, shi za a sa ya riƙe ƙafa yana tsallen langa? A ba su lissafi da fizik a awannin nan. Tarbiyya aikin gida ce.

Mushen lissafi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni ke koyar da siri D, ɓangaren kimiyya, kuma ba wanda ya fi ni kwaɗayin ƙarin awa. Sai dai na ga abin da ƙarin awa ke yi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma rufin aji kwano ne: ina rubutu a allo, rabin aji na gyangyaɗi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da ke fitar da yaro a Bak, a iya ganina, ƙungiyoyin nan ne na dare, mutum biyar ko shida da ɗan allonsu a ƙofar gida ko gindin fitilar titi. Matsalar ita ce in ka bar su da kansu, ƴan unguwa ɗaya ke haɗuwa, masu hali da masu hali. Yaron da ya zo daga Dungas ba ya da mai kiransa. A filin ƙwallo da wurin shara ne suke sabawa, daga nan mu gauraya ƙungiyoyin, mai ƙarfi a lissafi da mai ƙarfi a filo, wato falsafa.

Mahaifin ɗalibi, Sabon Gari: To a raba su ƙungiya-ƙungiya cikin aji mana. Minti goma ya isa.

Mushen lissafi: Mun gwada. A takarda kawai take zama. Ba ka zuwa ƙofar gidan wanda ba ka taɓa dariya da shi ba.

Tsohon sirbeyan, Birni: Alhaji, ka ce tarbiyya aikin gida ce, gaskiya ne, amma gidan wa? Ɗalibai da yawa a lise-lisen Damagaram ba a gaban iyayensu suke ba. Sun ci Bepese, jarabawar fita ƙaramar sakandare, a ƙauyukan Mirya, Magarya, Matamai, Tanut ko Gure, aka kawo su wajen mai masauki. Wani mai masaukin mutumin kirki ne, wani kuwa ɗan aike ya samu. Kowa ya san ruwan garin nan, yadda famfo kan yi kwanaki shiru, in ya zo sai tsakar dare. Wa ake tasa ya jera jarka? Yaron nan. Da safe ya makara, mu kuma mu rubuta sunansa, mu rage masa makin ɗa'a, in ya yi uku mu ce ya kawo mahaifinsa, mahaifin da ke nisan tafiyar yini a mota. Aikin sirbeyan ƙirga rashin zuwa ne, ba tambayar dalili ba. Idan yanzu an ware awa guda da wani zai tambayi dalilin, ni ba zan kira shi wasa ba.

Uwar ƴan mata biyu, Zango: Baba, maganarka ta shige ni, amma ni ma ban yarda da tsarin ba, dalilina daban. Yarinya ta dawo da azahar, ta sake fita da yamma, kuɗin adaidaita sau biyu ke nan. Islamiyyarta ta la'asar fa? Ga shi za a tashi dab da magariba, maza da mata a fili ɗaya. Na rantse muku mazan za su zo, ƴan matan iyaye za su hana, alhali su suka fi buƙata.

Dattijo, Garin Malam: Hajiya ta kawo magana. Ni kuma in tuna wa Alhaji, mu da muka yi samartaka zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyar matasa ta Samariya ce ta riƙe mu: gayya, ginin azuzuwa, wasan kwaikwayo, gasa tsakanin unguwanni. Tana da nata aibi, don hukuma ke jan zarenta. Amma da ta mutu ba a kafa komai a gurbinta ba, sai fada, wato majalisar hirar matasa, sai pale, gungun ƴan daba. Ba kowace fada ce ɓatacciya ba, wasu har magudanar ruwa suke yashewa. Wasu kuwa can ake fara haɗiyar tiramol. Yaro ɗan shekara 18 sai ya samu taron da zai shiga, mu ne za mu zaɓa masa ko ya zaɓa da kansa.

Ɗaliba, siri A (ɓangaren adabi): Iyayena ku yi mini afuwa in sa baki. Bara mun yi irin wannan zama a ajinmu. Nan muka kafa asusu, dala ashirin kowane mako ga mai iko, ana saya wa wanda ba ya da shi fotokofin darasi. Wata abokiyarmu ta daina zuwa, mu huɗu muka je gidansu da wata malama, ashe mahaifiyarta ce kwance, ita ke girki da tallar yamma. Muka riƙa kai mata littattafanmu, ta zauna jarabawa. Sai dai Baba sirbeyan, zaman faɗin damuwa ɗin bai yi ba. Wa zai buɗe cikinsa gaban aji duka, gaban malamin da gobe zai ba shi maki? Wata ta faɗi sirrinta, kafin mako ya zagayo an ji shi a ɗakin malamai. Mu mata muna son malama mace, mu kaɗai, kuma abin da aka faɗa ya tsaya nan.

Tsohon sirbeyan, Birni: Ɗiyata, kin fi takardar lise ɗin tunani.

Malami ɗan kwantaragi: Duk na ji, to wa zai yi aikin? Mu ƴan kwantaragi mu ne mafi yawa a azuzuwa, ɗan abin da ake ba mu ma yakan makara. Yammacin Laraba nake zuwa lakwal mai zaman kanta in cike gibi. Kuma ba wanda ya koya mini abin da zan ce wa yaron da ya gaya mini ya gaji da duniya. In Kojes, kwamitin kula da makaranta, da ƙungiyar iyaye na so, su sa kuɗin mai, su nemo ma'aikaciyar lafiya ko sau ɗaya a wata.

Mahaifin ɗalibi, Sabon Gari: Kun ga ni? Babu kuɗi, babu horo, ƴan mata ba za su zo ba. Asusun da ɗiyar nan ta faɗa da kai ziyara gida, na yarda da su, har zan sa jaka biyu. Langa kam ban sauka ba.

Mushen lissafi: Alhaji, motsa jiki ma ana ba shi maki a Bak.

Mahaifin ɗalibi, Sabon Gari: Makinsa bai kai na lissafinka ba, Mushe. A yi daga Oktoba zuwa ƙarshen Maris, daga nan a maida awannin bita.

Uwar ƴan mata biyu, Zango: Ni sharaɗina a liƙa shi da tashin darasi, kada yara su je gida su dawo, kuma a sa malama. Wa zai kai wa purobiza, shugaban lise, wannan kafin taron iyaye na Asabar? Ni ina da awo a asibiti ranar Juma'a.

Tsohon sirbeyan, Birni: Ni zan je. Mushe, rubuto mini su a takarda, har da batun kuɗin mai.