Wane suna za mu ba "deradicalization" da Hausa? Ni dai ban gamsu da "tuba" ba

1/ 'Yan'uwa masu fassara da ma'aikatan gidajen rediyo, ku zo mu tsayar da magana a kan kalmar nan ta deradicalization. Ita ce sunan aikin da gwamnati ke cewa tana yi wa mutanen da suka fito daga Boko Haram da ISWAP kafin ta mayar da su gida. Wannan gidan ya ce "sauya tunani", wancan ya ce "gyaran hali", amma kowa ya haɗu a kan kiran mutanen "tubabbu".

2/ Mu fara duba aikin kansa. Tun 2016 Hedikwatar Tsaron Najeriya ke gudanar da shirin Operation Safe Corridor, sansaninsa kuma yana Malam Sidi, ƙaramar hukumar Kwami a jihar Gombe. Mutum zai yi watanni a can. Malamai su zauna da shi a kan ayoyi da hadisan da aka murɗe masa, masana halayyar ɗan Adam su saurare shi, a raba shi da ƙwaya in yana sha, a koya masa ɗinki ko aski ko walda. Daga ƙarshe ya yi rantsuwar biyayya ga ƙasa, a miƙa shi ga gwamnatin jiharsa. A Yulin 2020 an yaye mutum 601 a tashi ɗaya. Nijar ma tana da irin wannan cibiya a Gudumariya ta jihar Diffa, wadda aka buɗe bayan Mohamed Bazoum, lokacin yana ministan cikin gida, ya yi shelar afuwa ga masu ajiye makami a ƙarshen 2016.

3/ To, ina tuba a nan? Duk ɗan Islamiyya ya haddace sharuɗɗanta: a daina laifin, a yi nadama, a ƙudure ba za a koma ba, in kuma haƙƙin wani ne a mayar masa ko a nemi yafewarsa. Nadama a zuciya take, babu janar ɗin da zai iya leƙawa ya ba ta takardar shaida. Sharaɗi na huɗu kuwa ya fi ciwo. Wa ya je ya tambayi matar da aka yanka mijinta a Bama ko Gwoza? Idan ta kunna rediyo a sansanin 'yan gudun hijira ta ji an ce "an yaye tubabbu", abin da ya shiga kunnenta shi ne an yafe da yawunta ba tare da an nemi bakinta ba. Mu masu karanta labarai ne muka yanke wannan hukunci, alhali ko alƙali bai yanke ba.

4/ Kada a ce wannan ƙaƙale ne na masu son nahawu. A Fabrairun 2020 Sanata Ibrahim Gaidam ya gabatar da ƙudirin kafa hukuma ta musamman domin waɗannan mutane, ƙasa ta ɗauki zafi, Sanata Ali Ndume, wanda Gwoza ke cikin mazaɓarsa, ya kasance cikin masu adawa da sakin su. Muhawarar da ya kamata a yi a kan wa ya cancanci shari'a, wa ya cancanci koyon sana'a, sai ta koma "sun tuba" da "ba su tuba ba". Kalmar ta ma tsallaka Arewa maso Yamma. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, ya miƙa bindigogi a Gusau a Fabrairun 2021, aka kira shi tubabbe, bai rufa wata uku ba ya koma daji. Kowane irin wannan komawa yana zubar da mutuncin shirin baki ɗaya, domin alkawarin da sunan ya ɗauka ya fi ƙarfin abin da hukuma za ta iya cikawa.

5/ Sauran kalmomin ba sai mun daɗe a kansu ba. "Gyaran hali" gidajen yari sun riga sun ɗauke ta tun da aka sauya musu suna a 2019. "Wankin ƙwaƙwalwa" kuwa shi ne ainihin abin da muke zargin su Shekau da yi wa yara. "Sauya tunani" ba ta da laifi, sai dai ta yi faɗi, mai tallar sabulu ma tunani yake son sauyawa. Wani ɗan'uwa ya kawo "nasiha", yana kafa hujja da Saudiyya da ke kiran nata shirin munasaha. Hujja ce mai kyau, amma a bakin Bahaushe nasiha ta yi taushi ga wanda ya ƙona gari.

6/ Abin da nake ba da shawara: warware aƙidar ta'addanci. A taƙaice, "warware aƙida". Asalin kalmar aƙida a Larabci daga ƙulli take, abin da aka ɗaure a zuciya. Mai wa'azin daji ya ƙulla wa yaro cewa jinin ɗan makaranta da na ɗan sanda halal ne, aikin malamin sansani shi ne ya bi ƙullin ya kwance. Kalmar ta faɗi aikin da ake yi, ba ta yi rantsuwa cewa an yi nasara ba. Tana kuma juyuwa a baki: cibiyar warware aƙida, ana warware musu aƙida, an kasa warware masa.

7/ Wani malami ya rubuto cewa aƙida ai ita ce imani, kada mai sauraro ya ɗauka ana raba mutane da addininsu ne. Allah ya gafarta Malam, maganarka gaskiya ce, shi ya sa a farkon labari dole a faɗi cikakken sunan, aƙidar ta'addanci, sai a gajarta daga baya. Na kuma guje wa "tsattsauran ra'ayi" da gangan. Tsanani a ra'ayi ba laifi ba ne a doka, in muka sa shi a sunan shirin gwamnati, gobe wani gwamna zai iya laƙaba shi ga duk malamin da ya soke shi a mumbari.

8/ Saura mutanen. Bayan mutuwar Shekau a Mayun 2021 dubun dubatar mutane sun fito daga daji a Borno, kuma da yawansu mata ne da yara da manoman da aka tilasta wa zama a ƙarƙashin ƙungiyar. Wanda ya riƙe bindiga a ce "ya ajiye makami" ko "ya miƙa wuya", tunda abu ne da ido ya gani. Manomin da aka tsare shekaru a gefen Sambisa yana biyan haraji da hatsi kuwa, me zai tuba daga gare shi? Na fi karkata ga "waɗanda suka kuɓuto". Mutanen Borno da Diffa, yaya kuke kiran su a can?