Ɗana na son kareti, ku ba ni shawarar malami da kulob

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Babban ɗana ya tasa ni gaba sai na sa shi kareti. Na leƙa kulob biyu, kowanne ya ce shi ɗan Shotokan ne, kowanne kuma da hoton wani tsoho ɗan Japan a bango. Wane ne shi? Sannan don Allah yaya ake gane malamin kirki? Ba na so in kai yaro inda zai dawo yana gwada hannu a kan ƙanensa.

Mai Baƙin Bel: Wa alaikumussalam Hajiya. Gichin Funakoshi ke nan, daga wurinsa salon karetin da ake kira Shotokan ya fito. An haife shi a Shuri, a tsibirin Okinawa, a 1868, ya rasu a Tokyo a 1957. Ba wani ƙato ba ne, gajere ne, kuma yana yaro ba shi da ƙoshin lafiya. Sana'arsa koyarwa a makarantar yara, ya yi wajen shekara 30 yana riƙe da alli. Karetin da dare yake zuwa koyo wurin Anko Asato, daga baya ya ƙara da Anko Itosu. A tsakar gida ake yi, da hasken fitila, a ba shi kata ɗaya ya yi ta maimaitawa wata da watanni, malamin na zaune yana kallo, abin da zai ce kawai shi ne a sake. Kata ita ce jerin motsin nan da mutum yake yi shi kaɗai kamar yana fuskantar abokan gaba. Shawarata ta farko, ki nemi tarihin da ya rubuta da kansa, an fassara shi zuwa Ingilishi da sunan Karate-Do: My Way of Life. Ɗan siriri ne. Ki karanta kafin yaron ya karanta, daga nan za ki san irin malamin da kike nema.

Ɗan Judo: Kar a manta da mu dai. Farin kayan nan da bel ɗin da 'yan kareti suke taƙama da su, daga judo suka aro. Da Funakoshi ya je Tokyo a 1922 don ya nuna kareti a wani bikin wasanni na ma'aikatar ilimi, Jigoro Kano, wanda ya kafa judo, shi ya gayyace shi Kodokan, cibiyar judo, ya sake nunawa. A lokacin, a Okinawa babu zancen launin bel.

Mai Baƙin Bel: Mun ji, mun gode da aron, ba za mu mayar ba.

Malamin Firamare: Ni abin da ya fi tsaya mini a rai zamansa na farko a Tokyo. Mutum ya haura 50, yana da girmansa a gida, ya bar iyali a Okinawa, ya sauka a Meisei Juku, masaukin ɗaliban Okinawa. Shi ne mai shara, shi ne mai gadi, shi ne mai kula da lambu, a zauren masaukin yake koyar da 'yan tsirarun da suka zo. Sai a 1924 aka buɗe kulob a Jami'ar Keio, wasu jami'o'in suka biyo baya, abin ya fara kama ƙasa. Hajiya, in kin je ki lura da wanda yake share fili kafin a fara. In malami yana ɗaukar tsintsiya tare da yara, ni hankalina ya kwanta da shi.

Ƙanwar Kowa: Malam wannan ma'aunin naka ai malamai kawai ya yi wa daɗi 😄 Mai shara ma yana iya zama mugu.

Malamin Firamare: Yana iya. Amma mai girman kai ba ya iya shara, kin ga an rage rabi.

Dattijon Zaure: Bari in ƙara a kan tarihin kulob ɗin kansa, don a nan amsar tambayarki take, 'yata. Shotokan asali sunan gini ne. Ɗalibansa suka haɗa kuɗi suka gina masa ɗakin horo a unguwar Zoshigaya a Tokyo, suka sa masa suna daga Shoto, laƙabin da yake sa wa waƙoƙinsa. Shi tsohon bai so a ce yana da wani salo nasa na daban ba, kareti kawai yake cewa. A 1945 bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka ƙone ginin. A shekarar kuma ɗansa Yoshitaka ya rasu da tarin fuka, shi ne wanda ake danganta wa doguwar tsayuwar nan ta ƙasa-ƙasa da manyan haure-hauren da ake gani a Shotokan yau. Ɗalibai da yawa ba su dawo daga yaƙi ba. Waɗanda suka saura suka kafa ƙungiyar kareti ta Japan, wato JKA, a 1949, Masatoshi Nakayama ya zama babban mai horarwa, ya tsara kwas na yaye malamai, aka riƙa tura su ƙasashen duniya. Ta haka ta iso ko'ina.

To amma gida ya rabu. Funakoshi bai yi na'am da gasa ba. Watanni kaɗan bayan rasuwarsa, a 1957, JKA ta yi gasarta ta farko ta ƙasa baki ɗaya, inda Hirokazu Kanazawa ya lashe faɗa da karyayyen hannu. Wasu ɗalibansa, su Shigeru Egami, suka tsaya a ƙungiyar Shotokai, ba gasa. Shi Kanazawan ma daga baya ya fita ya kafa tasa ƙungiyar, SKIF. Saboda haka rubuta Shotokan a allo bai gaya miki komai ba. Ki tambayi malamin abu uku: wa ya koya maka, wa ya ba ka dan ɗinka, wato matakin baƙin bel ɗinka, wace ƙungiya ce take yi wa ɗalibanka jarrabawa. Mai gaskiya zai amsa cikin daɗin rai, har ya wuce abin da kika tambaya. Wanda ya fara kame-kame ko ya ɓata rai, ki yi masa sallama.

Ƙanwar Kowa: Baba da girmanka, amma ni ban yarda takarda ta isa ba. Na yi horo a hannun wani mai takardu cike da bango, ba zan faɗi suna ba. Yaro ya yi kuskure sai ya sa babba ya buge shi a ciki wai yana ƙarfafa shi. Masu farin bel kuwa a can baya, ba mai kallonsu, shi yana gaba da 'yan gasarsa. Na bari na koma wurin wata mata da dan ɗinta bai kai nasa ba. Ita durƙusawa take yi ta kama ƙafar yaro ta gyara masa tsayuwa, ta juya masa gwiwa ta daidaita da yatsun ƙafa, sannan ta matsa na gaba. Yaya, ki nemi izini ki zauna darasi ɗaya daga farko har ƙarshe. Kulob ɗin da ya ce iyaye ba sa shiga, kar ki bar ɗanki a can.

Dattijon Zaure: Ba mu saɓa ba. Tambayata tana kore maƙaryaci, taki tana kore azzalumi.

Sabon Shiga: Me zai hana salon Kyokushin? Ta Masutatsu Oyama. Su da gaske suke bugu, ba taɓawa ba.

Mai Baƙin Bel: Ƙanena, Oyama ma ya zauna gaban Funakoshi kafin ya kama tasa hanyar. Ba na kushe ta, amma yaron da uwarsa take tsoron ya dawo yana dukan ƙanensa, ba can zan fara kai shi ba. In babu Shotokan mai kyau kusa, Wado-ryu ta Hironori Otsuka, shi ma ɗalibin Funakoshi ne, ko Shito-ryu, ko Goju-ryu, duk ana shiga gasar WKF, hukumar kareti ta duniya, da su. Sunan salo bai kai malami muhimmanci ba.

Uwar Biyu: To ɗaya daga cikinsu ya ce mini cikin shekara ɗaya yaro zai ɗaura baƙin bel in yana zuwa kullum.

Mai Baƙin Bel: Wannan bel kawai yake sayarwa. A inda ake yi tsakani da Allah, ana jarrabawa ne duk bayan 'yan watanni, a bi matakan kyu, na kafin baƙin bel, ɗaya bayan ɗaya, kuma baƙin bel yakan ɗauki shekara 3 zuwa 5 ga babba mai naci. Kata biyar na Heian kaɗai, waɗanda Itosu ya tsara don 'yan makaranta da sunan Pinan, sun isa su cinye wa yaro shekara biyu. Ki kuma duba ko ana ɗumama jiki kafin a fara, ko ana sa safar hannu da abin kare haƙori in za a yi kumite, wato karawar mutum biyu, kuma kar a sa ƙaramin yaro dukan makiwara, katakon nan da ake naɗe wa igiya, ƙashinsa bai gama ƙwari ba.

Malamin Firamare: Game da tsoron da kike yi, cikin ƙa'idoji 20 da Funakoshi ya bari akwai wadda ta ce ɗan kareti ba ya fara kai hari, har an rubuta ta a dutsen tunawa da shi a Engaku-ji da ke Kamakura. Ki tambayi malamin me yake yi wa ɗalibin da aka kawo ƙararsa ya yi faɗa a waje. In ya yi dariya ya ce ai namiji ne, kin samu amsa.

Ɗan Judo: In duk sun gaza, ƙofarmu a buɗe take. Mu muna Olamfik tun 1964, 'yan kareti sau ɗaya suka leƙa a Tokyo 2020 aka cire su kafin Paris 2024.

Uwar Biyu: Kai dai ba ka gajiya 😄 Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Mai baƙin bel na shekara ɗaya na cire shi. Ɗayan zan je in zauna in kalla. In saya masa kayan tun yanzu?

Mai Baƙin Bel: A'a Hajiya. Wando mai sakewa da riga sun ishe shi wata na farko, sai kin ga ya zauna. In za ki saya, ki ɗauki wanda ya ɗan fi shi girma, auduga ce tana shiga in an wanke. Ki yanke masa farce, hannu da ƙafa, ba takalmi ake yi ba.