Kwamfutata tana mutuwa da kanta, wani lokacin kuma ta ƙi tashi

Baban Yara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kwamfutar tebur da na daɗe ina aiki da ita, Core i3 ce ta farko-farko, ram DDR3, Windows 10 ke kanta. Lissafin aikina da hotunan iyalina duk suna ciki, shi ya sa hankalina ya tashi. Ina cikin aiki sai ta ɗauke ɗif, babu shuɗin allo, babu saƙo. In na danna maɓallin kunnawa, fanka ta ɗan juya ta tsaya. Sai na zare wayar wuta na jira kaɗan sannan ta yarda ta tashi. Da safe ma, da take a sanyaye, haka take yi. Agogonta kuma kullum yana komawa baya. An ce in yi mata fomatin in sa sabuwar Windows. Hakan zai yi magani?

Mai Koyo:
Wa alaikumus salam. Malam, fara buɗe ta ka kakkaɓe ƙura, musamman a fankar furosesa. In zafi ya doshi digiri 100, furosesa kan rage gudu, in ya ci gaba da hauhawa ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ka sa manhajar HWMonitor ka ga zafin, in ya yi yawa ka canza man da ke tsakaninta da ƙarfen sanyaya.

Tsohon Bakanike:
Don Allah kada ka yi fomatin. Kwamfutar da fankarta ta juya ta tsaya ko Windows ba ta kai ba, to me ya haɗa Windows da laifin? Shawarar ɗan'uwa ta share ƙura tana da kyau, amma zafi ba ya hana injin da ya kwana a kashe tashi da safe.

Ni fawa-fak nake zargi, wato akwatin da ke raba wuta. Yana da kariya a cikinsa: in ya ji wutar ta kauce sai ya kulle kansa, ba ya sakewa sai an zare shi daga soket. Abin da ka kwatanta ke nan. Kafasitocin ciki, wato 'yan gwangwanayen da ke ajiye wuta, suna bushewa da tsufa, sai ya kasa ɗaukar nauyi. In kana da mitar auna wuta, auna tsakanin wayarsa rawaya da baƙa injin yana aiki. Bolt 12 ake so, kuma ƙa'ida ba ta yarda ya sauka ƙasa da 11.4 ko ya wuce 12.6 ba. Ja kuwa bolt 5 ce. Amma mita ba ta kama faɗuwar da ke zuwa cikin ƙiftawar ido, don haka gwajin da na fi yarda da shi shi ne ka ari fawa-fak mai lafiya ka jona. Kada ka kwance naka, manyan kafasitocinsa suna riƙe wuta ko an zare shi.

Tunda ka buɗe, haska tocila a kan madabod, wato babban allon da ake jona komai a kansa, kusa da furosesa. Kan lafiyayyen kafasita a shafe yake. In ka ga wanda ya kumbura ko ya zubo da wani abu ruwan ƙasa, akwai aiki a nan ma.

Matsalar agogo kuwa ɗan batirin da ke kan madabod ne, CR2032, mai bolt 3. Canza shi, amma ba shi ke kashe maka injin ba.

Maman Biyu:
Yayana, kafin duk wannan, yau ɗin nan da ta tashi ka kwashe hotunan da lissafin zuwa filasha ko wani faifan. Ɗaukewar wuta ana cikin rubuta bayanai tana lalata fayil, faifan kuma ya tsufa. Manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka lafiyarsa.

Baban Yara:
Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, na kwashe komai. Zafin furosesa bai wuce digiri 60 ba, kafasitocin madabod duk lafiya. Na jona fawa-fak na aro, ta tashi a dannawar farko, ba ta sake mutuwa ba.

Tsohon Bakanike:
Madalla. In za ka sayi sabo, duba takardar jikin tsohon ka ga wat nawa ne, kada ka ɗauki ƙasa da haka, kuma ka tabbata fulogin madabod iri ɗaya ne. In mutuwar ta dawo, ciro ram ka goge haƙoransa, ka mayar, ka bar manhajar MemTest86 ta kwana tana gwada shi.