Lissafin wasan craps ya tsaya min

Assalamu alaikum masana lissafi. Malaminmu ya ba mu aiki kan craps, cacar dayis biyu da ake yi a Las Vegas. Ba caca zan shiga ba, Allah ya kiyaye.

Na gane dayis biyu suna faɗuwa ta hanya 36. A jifan farko, idan jimillar dayis biyun ta zama 7 ko 11 ci ne, hanya 8. 2, 3 ko 12 asara, hanya 4. Inda na maƙale: idan 4 ta fito, sai an yi ta jifa har ta dawo kafin 7. Tunda jifan ba shi da iyaka, yaya damar ci ta zama ɗaya cikin uku? Kuma daga ina ribar gidan caca, kashi 1.41 cikin ɗari, ta fito? Don Allah a warware min dalla-dalla.