Waɗanda suka taɓa ƙera aji a GOOPS yayin da manhaja take gudana, ku zo ku ba mu labari

Baban Sumayya, Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki da wani ƙaramin kamfanin jigilar masu Umra tsakanin filin jirgin Jidda da Makka da Madina. Kowane ejan yana turo mana jerin fasinjojinsa a takardar Excel, kuma ba biyu da suke kama da juna. Na Kano ya rubuta suna, fasfo, otal. Na Yamai ya ƙara lambar biza da sunan muharrami. Wani daga Gadarif duk kawunan jerin nasa da Larabci suke. Ni kuwa 'yar manhajar da nake raba mutane cikin motoci da ita, da Guile na rubuta ta, wani nau'in yaren rubuta manhaja na Scheme, tun ina koyon Scheme ɗin don sha'awa; GOOPS kuwa shi ne tsarin azuzuwa na Guile.

Da farko kowane ejan sai in zauna in rubuta masa define-class nasa, wato in fasalta masa aji, zubin da ke faɗin bayanan da kowane fasinja zai ɗauka. Da suka kai goma sha huɗu na gaji. Sai na gano cewa define-class ɗin makro ne kawai, wato gajeren rubutu da ake buɗewa ya zama wani kod, a ƙarƙashinsa make-class yake kira, shi kuwa make-class aiki ne kamar kowane aiki, ana miƙa masa jerin iyaye (azuzuwan da za a gada) da jerin gurabe (wuraren ajiye bayani) ya mayar maka da aji. Ga abin da na yi:

```
(define (kera-aji suna kawuna)
  (make-class (list <mahajjaci>)
              (map (lambda (k)
                     (list k #:init-keyword (symbol->keyword k)))
                   kawuna)
              #:name suna))
```

Layin farko na takarda ya zama gurabe, kowane layi na ƙasa ya zama ɗan aji. Yana aiki, har na ji daɗi. Amma azumi ya ƙarato, lokacin da takardu ke shigo mana kamar ruwan sama, kuma gabana na faɗuwa. Duk wanda ya taɓa bin wannan hanya don Allah ya faɗa mini inda ya yi tuntuɓe.

Ɗan Maiwurno, Makka

Wa alaikumus salam Baban Sumayya. Na bi hanyar nan taka sak, kuma na sha wuya a kanta, don haka bari in tsawaita.

Bayan yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, 'yan'uwanmu da yawa suka ƙetaro ta Fot Sudan. Mu da muke nan Shara Mansur muka riƙa haɗa sunaye: wa ya sauka gidan wa, wa ke buƙatar magani, wa ke da yara 'yan makaranta. Kowa na kawo jerinsa yadda ya ga dama, sai na rubuta abu irin naka. Duk takardar da ta shigo in ƙera mata aji, in ɗora masa hanyar buga rahoto da add-method! a cikin jenerik, wato aikin da ke zaɓar hanya bisa ajin abin da aka miƙa masa.

Wata rana bayan Isha'i wani dattijo ya kawo gyaran jerinsa, ya ƙara mutum biyar. Na sake loda takardar, na ce a buga rahoton mutanen da na loda da safe. Sai Guile ya ce ba shi da hanyar da ta dace da su. Na duba class-name na tsoho da na sabo, suna ɗaya. Gurabe ɗaya. Na kai kusan ƙarfe biyu na dare ina zargin komai, har da madannan kwamfutar. Can na gwada eq? tsakanin azuzuwan biyu don in ga ko abu ɗaya ne, ya ce #f, wato a'a. Ashe a GOOPS suna lakabi ne kawai da aka manna wa aji. Ka kira make-class sau biyu, ka haifi azuzuwa biyu, kamar Musa biyu a layi ɗaya: ka aika wa ɗaya saƙo, ɗayan bai san an yi ba. Ni kuma na share tsohuwar jenerik ɗin na ɗora hanya a kan sabon Musa, mutanen safe suka zama marayu.

Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Manhajar tawa ba na kashe ta, kwana da kwanaki tana kunne, sai na ga tana ƙara nauyi. Na ƙirga class-direct-subclasses na uban ajin, na tarar da ɗaruruwa. Kowane aji da ka ƙera, ubansa yana riƙe da shi a jerin 'ya'yansa, duk jenerik ɗin da ka ɗora wa hanya a kansa ita ma tana riƙe da shi. Mai sharar ƙwaƙwalwa ba ya ɗaukar abin da wani ke riƙe da shi. Ka yi tunanin azumi, takarda ɗari biyu a rana.

Ummu Bilal, Madina

Sannu Ɗan Maiwurno, Allah ya saka da alheri kan hidimar 'yan'uwa, ya kawo wa Sudan zaman lafiya.

Matsalar Musa biyun nan ita ce ta kai ni ga ajin azuzuwa, wanda ake kira metakilas. Na daɗe ina jin tsoron kalmar, ashe abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A GOOPS aji ma abu ne, yana da ajin da ya haife shi. Ka tambayi class-of na ajin da ka rubuta, zai ce maka `<class>`. To idan ka gaji `<class>` ɗin nan ka yi naka, duk ajin da aka haifa ta hannunsa kana iya sa baki a ranar sunansa. Ni rajista na buɗe:

```
(define-class <aji-mai-rajista> (<class>))
(define rajista (make-hash-table))
(define-method (initialize (a <aji-mai-rajista>) sauran)
  (next-method)
  (hashq-set! rajista (class-name a) a))
```

Ina riƙe da bayanan ɗaliban haddar mata na unguwarmu ne, kowace halƙa da abin da malamarta ke son a rubuta: wata juzu'i da shafi, wata har da makin tajwidi. Uban ajin kaɗai na ba wa #:metaclass, 'ya'yan da make-class ke ƙerawa suka gada ba tare da na sake faɗa ba.

Abu biyu zan ja hankalinka, Baban Sumayya. Ka fara kiran next-method kafin ka taɓa ajin. Na taɓa sa shi a ƙarshe, na nemi sunan aji tun ba a raɗa masa ba. Sannan rajistar ba ta hana haihuwa, rubutawa kawai take yi. Kai ne za ka leƙa cikinta kafin ka kira make-class, in akwai ka ɗauko na da.

Kawu Injiniya, Riyad

Yarana, na karanta duka. Ni na girme ku a wannan harka, na fara taɓa Lisp, dangin yarukan da Scheme ya fito daga ciki, tun gashina baƙi ne, kuma zan faɗi abin da ba za ku so ba.

Abin da kuke wasa da shi yana da asali. Scheme ɗin kansa Gerald Sussman da Guy Steele suka fito da shi a MIT a 1975, ba shi da aji ko ɗaya. Tsarin da kuke gani a GOOPS daga CLOS na Common Lisp ya gangaro. Gregor Kiczales da abokan aikinsa biyu suka fitar da littafin The Art of the Metaobject Protocol a 1991, sannan shi Kiczales ya rubuta Tiny CLOS da Scheme a Xerox PARC. Daga nan Erick Gallesio ya gina STklos, GOOPS kuma ya samo tushe daga STklos. Waɗannan mutane sun buɗe cikin tsarin ne don wanda yake son ya canja yadda aji ke aiki: ina ake ajiye gurbi, yaya ake jera gado, me ke faruwa idan an karanta ko an rubuta.

Kai Baban Sumayya, me ya bambanta mahajjacin ejan Kano da na ejan Yamai? Motar da za su shiga ɗaya ce, kujera ɗaya kowa zai zauna. Bambancinsu a takarda yake, ba a hali ba. Ka yi aji ɗaya tak mai suna da fasfo da otal, ka ƙara gurbi ɗaya ka zuba sauran tarkacen a ciki a matsayin jerin suna da ƙima. Shi ke nan, ba rajista, ba ƙwaƙwalwa mai kumbura. Na taɓa gadar aikin wani a wurin da nake, ya ƙera azuzuwa daga teburan ma'ajiyar bayanai, ya tafi hutu bai dawo ba. Ka nemi inda aka rubuta aji a cikin kod ɗin, babu, sai an kunna manhaja yake wanzuwa. Wata guda na yi ina bin sawu.

Ummu Bilal, Madina

Kawu, na yarda da rabin maganarka. A kan jerin fasinjoji wataƙila kana da gaskiya. Amma nawa halin ya bambanta: halƙar yara ana lissafa ci gabansu da surori, ta manya da shafuka, kuma rahoton iyaye daban yake da na malamai. Da jeri na zuba su, da kod ɗina ya cika da "in kaza ne yi kaza" a ko'ina. Da aji kuwa jenerik ɗaya ce, ita ke zaɓar hanya. Kuma wahalar bin sawun da ka sha, ai rajistar ce maganinta: ina buga ta in ga duk ajin da ke raye da gurabensa.

Auta, Zahran

Gaisuwa ga manya. Ni ɗalibi ne, Guix, manajan girka manhajoji da aka rubuta da Guile, shi ya jawo ni cikin Guile, don haka nawa kurakuran na yara ne, amma ga su.

Na kwafi gurbi daga define-class na sa shi cikin jeri mai alamar ɗauko-yadda-yake (quote) na miƙa wa make-class, har da #:accessor a ciki. Ya ƙi. Dalili shi ne define-class ne ke ƙirƙiro maka jenerik ɗin a ɓoye kafin ya gina ajin. Idan ka tsallake shi, abin da ka miƙa suna ne tsirara, ba jenerik ba. Sai ka ƙera da kanka da make-accessor ka miƙa ainihin abin. Haka #:init-form, makro ne ke naɗe shi ya zama aiki. Da make-class sai dai #:init-thunk.

Wanda ya fi ba ni kunya a gaban abokan aikin gidanmu na makaranta: na sa teburin hash a #:init-value, ina zaton kowane ɗan aji zai sami nasa. Ashe sau ɗaya ake lissafa shi, kowa ya ɗauki wannan ɗayan. Na rubuta makin mutum ɗaya, ya bayyana a wurin mutum talatin.

Yaya Ɗan Maiwurno, game da sake loda takarda: a Guile 3.0, wanda ya fito a Janairun 2020, aji ba ya karɓar sake fasali sai ka ba shi `<redefinable-class>` a matsayin ajin azuzuwansa. Kafin nan duk aji yana karɓa. Shi ya sa tsofaffin misalai na intanet suke ruɗa mutum.

Ɗan Maiwurno, Makka

Auta, ka kyauta, amma a kula: sake fasalin nan yana faruwa ne idan define-class ya tarar da tsohon aji a ƙarƙashin sunan nan. Kiran make-class kai tsaye ba ya duba kowa, sabo yake haifa. Da na sa shi ma ba zai cece ni a daren nan ba.

Ummu Bilal, tambaya: idan na haɗa iyaye biyu, ɗaya mai rajista ɗaya mai karɓar sake fasali fa?

Ummu Bilal, Madina

Na gwada da azuzuwan azuzuwa biyu nawa na kaina. GOOPS yana da ensure-metaclass, idan ya ga na iyayen sun bambanta sai ya ƙera wani sabo da ya gaji dukansu, bai ce maka komai ba. Python a irin wannan wuri tsayawa yake ya ce akwai rikici. Sauƙi ne, amma ni na fi son in rubuta haɗaɗɗen da hannuna in ba shi suna, don ranar da abu ya lalace in san wa nake kallo.

Baban Sumayya, Jidda

Allah ya saka wa kowa. Jiya bayan La'asar na zauna na ƙirga takardun bara. Ejan goma sha huɗu ne, amma da na gyara kawunan, na cire sararin da ke maƙale a ƙarshen kalma, na mayar da na Larabci da na Faransanci suna ɗaya, sai fasali biyar kacal suka rage. Da ma "fasfo" da "fasfo" mai sarari a baya gurabe biyu suke zama, ban lura ba. Wani ejan ma ya maimaita kai ɗaya sau biyu, make-class ya ƙi karɓa, wanda a ganina daidai ya yi.

Kawu, na bi shawararka a kan yawancinsu: aji ɗaya, sauran bayanai a gurbi ɗaya. Amma na bar ƙera aji a wuri guda. Masu biza ta Umra da mazauna masu iƙama ba a yi musu lissafi ɗaya, takardun da direba zai riƙe ma sun bambanta, kuma haɗuwarsu da masu keken guragu ko masu yara tana canja yadda ake raba kujeru. A nan nake haɗa iyaye yayin da manhaja ke gudana, da rajista irin ta Ummu Bilal, sai dai mabuɗin nawa jerin iyayen ne, ba suna ba.

Saura lambobi. Na Gadarif yana rubuta lambar iƙama da lambobin Larabci irin ٢ da ٣, ba 2 da 3 ba. Na fara yin gurbi na #:virtual mai juya su duk lokacin da aka karanta, na ba shi #:slot-ref da #:slot-set! duka biyu don ba ya yarda da ɗaya. Yanzu ina tunanin gara in juya su tun a bakin ƙofa, lokacin karanta takarda. Ɗan Maiwurno, naku jerin ai da Larabci yake zuwa, a ina kake juya naka?