Neman kalmar Hausa: yaushe "offer" take zama tayi?

1/ Masu fassara, 'yan jarida, da masu rubuta tallace-tallace, ku matso kusa. Kalmar da nake so mu zauna a kanta yau ita ce "offer" ta Ingilishi, wadda bakinmu ya mayar "ofa". Ga matsayata tun daga farko: ba ma bukatar ƙirƙirar sabuwar kalma, muna da tayi. Aikin da ya rage shi ne sanin inda tayi ya tsaya, domin sau da yawa Bature zai ce "offer" alhali Bahaushe bai yi tayin komai ba.

2/ A leƙa kara, ta Wudil ko ta Maigatari, a tsaya kusa da dillali. Ya riƙe igiyar rago, ya dubi mai saye.
"Alhaji, taya mana."
"Dubu ɗari biyu."
"Albarka."
"Na ƙara goma."
"Albarka dai, Alhaji. Ko uwar kuɗi ba ka kai ba."
Alhaji ya shafa bayan ragon, ya ɗaga leɓensa ya dubi haƙora, ya juya kamar zai tafi, sannan ya ƙara ashirin. Dillali ya je ya raɗa wa mai rago a kunne, ya dawo ya ce, "An sallama. Kawo kuɗi, Allah ya amfana." Sai maganar la'ada.

3/ Duk ma'anar da lauya zai cika shafuka yana bayaninta tana cikin wannan 'yar tsayuwar. An ajiye magana a gaban mutum, da adadinta, an bar masa zaɓi. Kafin a ce "an sallama", Alhaji yana iya janyewa, mai rago yana iya ƙi. Da an faɗe ta, ciniki ya faɗa.

4/ Saboda haka ga ma'aunin da nake amfani da shi a duk lokacin da kalmar ta tsaya mini a wuya: shin wanda aka yi wa maganar yana da damar cewa "albarka"? Shin maganar tana rataye tana jiran amsarsa? In haka ne, tayi ne. In ba haka ba, a nemi wata kalmar.

5/ Masu labarin wasanni sun riga mu gano wannan, kuma sun kyauta. A 2013 Arsenal ta taya Luis Suárez fam miliyan 40 da fam 1, bisa zaton cewa duk abin da ya haura miliyan 40 zai tilasta wa Liverpool sakinsa. Liverpool ta ce albarka. Ya zauna ya ƙara kaka guda, a 2014 ya tafi Barcelona. Miƙa tayi, ƙara tayi, watsi da tayi, janye tayi, amincewa da tayi: duk sun zauna daram a kunnen mai sauraron rediyo, babu wanda ya taɓa neman a yi masa bayani.

6/ Amma akwai wani ɗan tarko da nake yawan ganin ana faɗawa. A kasuwa mai saye ne yake tayawa, mai kaya ba ya taya kayansa. "Na taya motar" na nufin ni ke son saye, na faɗi abin da zan biya. "An yi mini tayin motar" na nufin mai ita ne ya zo yana so in saya. Ingilishi kalma ɗaya yake amfani da ita ta kowane ɓangare, mu kuwa ginin jimlar ne ke nuna wa ke neman wa. Wanda ya rubuta "kamfanin ya taya hannun jarinsa ga jama'a" ya juya cinikin. Daidai shi ne "kamfanin ya yi wa jama'a tayin hannun jarinsa", kamar yadda aka yi da na MTN Najeriya a Disambar 2021, hannun jari miliyan 575 a kan naira 169 kowanne.

7/ Taya ta taimako, irin ta "taya ni ɗauka" da "taya murna", wata kalma ce daban. Ba ta cikin wannan zancen.

8/ Inda tayi ya fi nauyi shi ne wajen yarjejeniya. Littattafan fiƙihu suna cewa ijabi da ƙabuli, lauyoyin da suka yi karatu da Ingilishi suna da nasu tagwayen kalmomin. A Hausa "tayi da amincewa" ya wadatar, kuma ina roƙon masu fassara takardun kotu da na banki su tsaya a kansa. Mai tayi, da wanda aka yi wa tayi. Ba sai an ƙago wasu sunaye masu wuyar furuci ba.

9/ Misali na kusa: a Afrilun 2022 Elon Musk ya taya kamfanin Twitter a kan dala 54.20 kowane hannun jari, jimla kusan dala biliyan 44. Ranar 25 ga watan hukumar kamfanin ta sallama, aka sa hannu. A Yuli ya ce ya fasa, kamfanin ya kai ƙara kotu a jihar Delaware ta Amurka, a ƙarshen Oktoba ya biya kuɗin da ya faɗa. Duk dillalin da ka ba wannan labarin zai gane shi ba tare da ƙarin bayani ba: ana janye tayi kafin sallamawa, bayan sallamawa sai dai a nemi alfarmar warware ciniki.

10/ Akwai kuma tayin da ba a yi wa mutum ɗaya ba. Ɗaliban lauya a Najeriya duk sun san shari'ar Uwargida Carlill a Ingila. A 1891 wani kamfani ya yi tallar maganin shaƙa, ya ce duk wanda ya yi amfani da shi sau 3 a rana har mako 2 kuma mura mai zafi ta kama shi, za a ba shi fam 100. Har ya ce ya ajiye fam 1,000 a banki don a san da gaske yake. Matar ta saya, ta shaƙa yadda aka ce, murar ta kama ta. Kamfanin ya ce ai kirarin talla ne kawai. Kotun ɗaukaka ƙara a ƙarshen 1892 ta ce a'a, tayi ne aka yi wa duniya, kuma wanda ya cika sharaɗin ya amsa, sai a biya ta.

Mu ma mun san irinsa tun kafin nan. Mai cigiya yana cewa "duk wanda ya tsinta akwai tukuici". A Suratu Yusuf, aya ta 72, an yi shelar cewa wanda ya kawo ma'aunin sarki yana da kayan raƙumi guda, kuma malaman fiƙihu suna kafa hujja da ita a babin ji'ala, wato alkawarin lada ga duk wanda ya yi wani aiki. Ina ba da shawarar mu kira wannan "buɗaɗɗen tayi".

11/ Sai dai ba kowace talla ce tayi ba. Mai kanti da ya baje kaya ya manna farashi, a dokar Ingila gayyatar masu saye ya yi su zo su taya. Wannan baje koli ne, ko talla, a bar shi da sunansa.

12/ Yanzu mu zo kan "ofa", wadda ta fi damuna. "Ofarsa ta fito." "Yana jiran ofa." A bakin matasa ofa ta zama sunan takarda, ba sunan aikin da takardar take yi ba. Har ana cewa wane ya sayi ofa, abin da ke nuna yadda neman aikin gwamnati ya lalace, domin wanda aka yi wa tayi ba ya biyan kuɗi kafin a yi masa. A hira ba zan hana kowa cewa ofa ba, ta riga ta shiga gari kamar yadda ofis da fayil suka shiga. A rubutu kuwa ina so mu raba. Takardar farko, wadda ke cewa ka amsa a rubuce cikin kwana kaza in ka yarda, takardar tayin aiki ce. Bayan ka amsa ka je ka sa hannu, ka kama aiki. Tabbatarwa sai bayan lokacin gwaji, wanda a aikin gwamnati shekara 2 ne. Mataki uku, kowanne da haƙƙinsa. Wanda ya ɗauka ofa ita ce aikin kansa yana iya barin wa'adin amsawa ya wuce yana zaune yana karɓar barka.

13/ Haka gurbin karatu. Tun da JAMB ta kawo CAPS, tsarin ba da gurbin karatu ta intanet, a 2017, ɗalibi ne da kansa zai shiga ya danna ya karɓa ko ya ƙi. Kafin ya danna, tayin gurbi aka yi masa. Iyaye su san wannan, kada a tsaya a "an ba shi" a manta da amsawa.

14/ Saƙonnin kamfanonin waya fa, da allunan manyan kantuna masu cewa akwai "offer" ta musamman? A nan "tayi na musamman" bai yi kuskure ba, amma ya yi sanyi, ba ya jan kowa. Kasuwarmu tana da kalmomi masu kaifi. In an sauke farashi ga kowa, rangwame ne. In mai saye ne ya roƙa aka sauke masa, ragi ne. In ka sayi data aka ɗora maka wata a kai, gyara ce, irin wadda mai ƙosai take jefa maka bayan ta ƙirga naka. In abin na ɗan lokaci ne, mai rabo ka ɗauka, garaɓasa ce. Ina mamakin yadda masu talla suka bar gyara a ƙasa, kalmar da yaro ɗan shekara biyar ya san daɗinta.

15/ Tayin abinci shi ne ɗaya gidan kalmar, kuma a nan ta fi Ingilishi zurfi. Kana cin tuwo a zaure wani ya yi sallama, dole ka ce "Bismilla". Shi kuma ya san ladabin amsa: "Alhamdu lillahi, a ci lafiya." Ku biyun kun san wani lokaci na fatar baki ne, amma rashin yin sa abin kunya ne, har a ce wane ko tayi ba ya yi. Baƙon da ya zo daga nesa kuwa ba a yi masa tayin ruwa. Kawo masa ake yi a ajiye a gabansa. Don haka in jimlar Ingilishi ta ce an yi wa baƙo "offer" na ruwa a gidan Bahaushe, "ta kawo masa ruwa" za ka rubuta. In ka ce "ta yi masa tayin ruwa" ka sa mata rowar da marubucin bai nufa ba.

16/ A aure ma sai an lura. Namiji nema yake yi, ba tayi ba, shi ya sa ake cewa nema cikin nema haramun ne, kamar yadda hadisi ya hana ciniki a kan cinikin ɗan'uwa. A wajen ɗaurin aure wakili ya nema, waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa. Tayin aure yana zuwa ne daga ɓangaren mace. Sayyidina Umar ya yi wa Sayyidina Usman da Sayyidina Abubakar tayin 'yarsa Hafsa. Dattijon Madyana, a Suratul Ƙasas aya ta 27, ya yi wa Annabi Musa tayin auren ɗaya daga 'ya'yansa biyu a kan aikin shekara 8, in ya cika 10 ganin damarsa ne. Tayin aure da tayin aiki a jimla guda, da sharaɗi, da wa'adi, kuma amsar tana aya ta 28.

17/ Tsohuwar ma'anar kalmar a Ingilishi ta ibada ce. Daga Latin ta fito, inda take nufin kai abu gaban wani, kuma da ma'anar miƙa hadaya ta fara shiga harshen. A wannan fagen kada a kusanci tayi. Gaskiya ne ana karɓar ibada ana kuma mayar da ita, amma bawa ba ya ciniki da Ubangijinsa. Muna da hadaya, layya, sadaka, bakance. 'Yan'uwanmu Kirista masu ibada da Hausa suna cewa baiko ga abin da ake tarawa a coci, kalmar da a wajen aure take da wata ma'anar.

18/ Sauran wuraren ba su da wahala in an daina bin Ingilishi sawu da ƙafa. Ta'aziyya yin ta ake yi. Shawara ba da ita ake yi. Haƙuri ba da shi ake yi. Takardar murabus miƙa ta ake yi. Jami'a ba ta "gabatar da" kwasa-kwasai, koyar da su take yi. Ɗalibin sakandare da ke cewa yana "offering" lissafi, ɗaukar darasin yake yi. Wannan "gabatar da" ta zama mafakar duk wanda kalma ta ƙwace masa, kuma injinan fassara sun ƙara yaɗa ta. Cin hanci ne kawai a wannan rukunin yake karɓar tayi da kyau, domin jami'in yana iya ƙi: "an yi masa tayin toshiyar baki, ya ƙi karɓa."

19/ 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da "offre" ta Faransanci kuke fama, kuma tata ta fi faɗi. Sanarwar neman 'yan kwangila da ita ake yi, wannan sai mu ce kiran miƙa tayi. Amma a zancen tattalin arziki, inda ake haɗa ta da bukatar masu saye, yawan kaya a kasuwa ake nufi, babu tayi a ciki.

20/ Abu ɗaya ne ban samu yadda nake so ba: tayin da ake mayar wa mai tayi. Ka taya dubu ɗari biyu, mai kaya ya ce albarka, amma kawo ɗari biyu da hamsin. A doka wannan amsar ta kashe tayinka na farko, ta kafa sabo, yanzu kai ne mai cewa albarka ko ka karɓa. A baki muna yin sa kullum, amma a takardar yarjejeniya yana bukatar suna. Ina amfani da "mayar da tayi" a aikatau, "tayin mayarwa" a suna. "Tayin martani" na ji shi da ƙanshin ɗakin labarai, "tayin ramuwa" kuma kamar ana faɗa. Dillalan kara, da na filaye, da 'yan Kantin Kwari, in akwai abin da kuke kiransa a tsakaninku ku faɗa mana, naku zan ɗauka in ajiye nawa.